Bijimin da Na Ajiye wa Idona

Kusada, 9 ga Janairu, 1955

Zuwa ga Kubura jikar Buba,

Gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da Turawanki da majinyatanki. Mu nan da sauƙi. Sanyi ya kama mini gwiwa, idon dama kuma yana nan yadda kika bar shi, ko ma ya fi.

Takardarki ta iso. Kawunki Idi tela ya ba masu dawowa daga kasuwar Kankiya suka kawo mini. Na karanta ta sau biyu, ba don daɗinta ba, don in tabbata daga gidan Buba ta fito. A wata irin wannan, shekarar 1922, na tsuguna gaban kakanki a bakin garke da takardar makaranta a hannuna. Mu uku aka zaɓa a Katsina za a kai mu Ikko koyon haɗa magani, ni ne na ɗaya a cikin ukun. Abin da ake nema a wurina guzuri ne da tufafi da wanda zai tsaya mini. Shanun gidanmu duka suna hannunsa, har da rabon ubana, don shi ne babba a cikinmu 'ya'yan wa da ƙane. Saniya ɗaya na roƙa. Bai ko ɗago kai daga igiyar da yake tufka ba, ya ce, "Ko maraƙi ba ni saidawa don wani shi tafi bakin teku wankin gyambo." Sauran biyun suka tafi. Ɗayansu yanzu a mota yake wucewa ta Kankiya. Ni kuwa na yi malantar haraji har aka gaji da ni, ga ni a zaure ina rubuta wa mutane wasiƙa a kan taro-taro, ina sa wa maganarsu waƙafi.

Yau kuma jikarsa ce ta rubuto tana neman in taimaka mata ta koyi wankin gyambo. Da Buba yana da rai da na je na karanta masa da ƙarfi, a gaban shanun.

Kin ce kin faɗi jarrabawar farko a makarantar jinya, an ce ki maimaita wata shida, kuma mai maimaitawa ba a ba ta alawus, ita za ta ci da kanta. Kin ce tun rasuwar mahaifinki uwarki Lami ba ta da abin da ya wuce kaskon ƙuli-ƙulinta. Duk na ji. Amma wa ya gaya miki ina da shi? Abin da na mallaka a duniya bijimi ne guda, jan nan da ke turke a bayan ɗakina, shi ma da aikin da aka ajiye shi dominsa. Likitan da ya zo rangadi bara ya haska idona, ya ce yanar ido ce, in ta nuna in je asibitin ido a Kano a cire, a ba ni tabarau. Kuɗin mota, da na wanda zai raka ni, da masauki, da tabarau ɗin, duk a wuyan bijimin nan suke rataye. Na hagu ma ya fara hazo, da gilashin ƙara girma na zamanin makaranta nake karatu. Da idon nan nake riƙe alƙalami, da alƙalamin nake cin tuwo.

Saboda haka, amarya, ki nemi wani mijin. Wannan ya tsufa, kuma matsiyaci ne.

Ummaru

*

Makarantar Jinya, 23 ga Janairu, 1955

Zuwa ga angona Malam Ummaru, mai gemun bunsuru,

Ina gaishe ka, ina gaishe da gwiwar, ina gaishe da bijimin. Ni lafiya lau, sai ƙafa da ke kumbura saboda tsayuwa.

Sakin da ka yi mini bai saku ba, babu shaidu, kuma ba a taɓa jin inda kaka ya rabu da jika ba. Tun ina tatata kake kukan tsiya. Ka tuna in mun zo Kusada da salla, kwabo ɗaya za ka miƙo mini ka ce, "Ungo, dokina na sayar saboda ke." Doki nawa ka sayar a kaina? Sun fi na bargar hakimi yawa, amma ko kashinsu ban taɓa gani a gidanka ba.

Labarin kakana ban san shi haka ba. A gida cewa ake kai ka ƙi tafiya. Ban ji daɗi ba, Allah ya gafarta masa. Ni dai ban ci saniyar ba.

Bari in gaya maka yadda abin ya faru, don kai kaɗai ne a danginmu za ka gane. Ta rubutu na ci. A aikin hannu na faɗi. Sista, babbar ma'aikaciyar jinya da ke koyar da mu, ta ba ni majinyaci ta ce in ƙirga bugun jininsa, ni kuwa ba ni da agogo mai hannun daƙiƙa, aron na wata nake yi, ran nan kuma ita ma tana tata jarrabawar. Na tsaya riƙe da hannun mutum ina motsa baki kamar mai lazimi. Da na rikice sai na ture faranti, ma'aunin zafi biyu suka fashe, da sirinji guda. A nan abin da ka fasa daga alawus ɗinka ake cirewa, ga shi alawus ɗin an tsayar.

An ba ni zuwa ƙarshen Fabrairu: in biya fasassun, in sayi agogo, in nuna ina da abin da zan ci wata shida. In ba haka ba, in miƙa fararen kayana in hau mota. Mu biyu ne kacal 'yan ƙasar Katsina a ajin. Ɗaurin rauni kuwa na fi kowa iyawa, Sista da bakinta ta faɗa. Jiya na wanke wa wata tsohuwa ƙuna, ta riƙe mini zane ta ce in ba ni ba kada kowa ya taɓa ta.

In na dawo Kankiya, turmi ne da kaskon Inna. Ba raina sana'arta nake ba, da ita ta rene ni. Amma ka san abin da nake nufi. Ka fi kowa sani.

In babu, babu. Ba zan fasa aurenka ba.

Amaryarka,
Kubura

*

Kusada, 15 ga Fabrairu, 1955

Kubura,

Ina amsa gaisuwa. Gwiwa ta lafa. Bijimi kuwa ba ya nan balle ya amsa tasa.

Wato a gidanku cewa ake ni na ƙi tafiya. Na gode da kika gaya mini. Shekara talatin da ɗoriya ina ɗauke da abu, ashe a can an juya shi an kifa. Ranar da na karanta wannan layin tuwo bai shiga ba. Na zauna ina tsara miki amsa mai zafi, har na fara rubutawa. Sai wancan layin ya tsayar da ni, inda kika ce na fi kowa sani. Na sani ɗin. Na san yadda mutum ke shigowa gari da akwatinsa a ka, ana yi masa sannu da zuwa ana kallon ƙasa. Na san yadda ake zama shekara da shekaru da sunayen ƙasusuwan jikin mutum a kai, babu wanda zai tambaye ka ko ɗaya.

Ranar kasuwar Kankiya da ta wuce na ja bijimin da kaina tun asuba. Sai turjewa yake a hanya, dabba ba ta rasa sanin abin da ake ciki. Dillalai suka ga tawada a yatsana, suka san ba ɗan kasuwa ba ne, suka yi ta zagaya shi suna taɓe baki. Ɗaya ya ce, "Malam, wanga sa halan karatu kake koya mishi? Duk ya rame." Ƙarya yake. Dusa da harawa na ciyar da shi, kulawar da ban yi wa kaina ba. A ƙarshe wani mahauci daga Rimaye ya saye shi fam goma sha biyu. Na cire la'ada da kuɗin aikawa, ragowar tana gidan waya da sunanki. Idi ya raka ni, shi ya ɗora mini yatsa inda zan sa hannu, don layin ɓace mini ya yi.

Ki biya abin da kika fasa. Ki sayi agogo ki maƙala shi a ƙirji inda babu mai aronsa. Ki ci abinci, ma'aikaciya mai yunwa ita ke ture faranti.

Kada ki gode mini. Ba don ke na yi ba, don Buba na yi. So nake in mun haɗu gobe kiyama ya rasa inda zai sa fuskarsa. Kano kuwa ta fasu bana. Kin cinye idon mijinki, amarya, sai ki shirya yi masa jagora.

Ummaru

*

Makarantar Jinya, 6 ga Maris, 1955

Angona mai dawakai,

Gaisuwa da godiya, ko ka hana. Ina lafiya. Kuɗi sun iso. Na tsaya a gidan waya ina kuka har ma'aikacin ya tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Na biya fasassu. Na sayi agogo ɗan ƙarami, hannun daƙiƙarsa ja. Na ƙirga bugun jinin kowa a ɗakin kwananmu, har da na mai dafa mana abinci, ta ce in sake ta haka nan kada in gano mata ciwon da ba ta nema ba. Ragowar kuɗin na damƙa wa Sista, tana ba ni kaɗan-kaɗan duk mako.

Amma labarin bijimin nan ya yi daɗi! Har da mahauci, har da Rimaye, har da turjiya. Da dawakai kake sayarwa, bana an sauko kan shanu, baɗi sai jaki. Na karanta wa ƙawata Zinariya, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ita ma a samo mata kaka irinka. Ni dai na san tsohon malamin haraji ba ya rasa 'yar tukunya a ƙarƙashin gado. Allah ya ƙara wa tukunyar albarka, ya bar mini kai.

Batun jagora kuwa, kai da kake hango kuskuren waƙafi tun daga ƙofar zaure? Sai ka ga tsufanmu duka da idonka garau.

Zan ci jarrabawar nan in Allah ya yarda. Ba zan shigo gari da akwati a ka ba.

Amaryarka,
Kubura

*

Kusada, 22 ga Janairu, 1956

Amarya,

Ina gaishe ki. Kwana biyu ban rubuto ba. Takardunki sun zo, ta cin jarrabawa da ta shiga aji biyu. Na ji an mayar miki da alawus, an ɗaura miki ɗamara mai launi. Madalla. An ce uwarki ta raba ƙuli-ƙuli a unguwa har da na gobe. Jikina lafiya. In kin ga rubutun nan manya-manya kada ki ce ƙuruciya ce ta dawo mini.

Tukunyar da kika ce, na duba ƙarƙashin gadon, takalmi na gani. Duk shekarun da na yi ina karɓar harajin mutane ban ci anini ba, shi ya sa aka gaji da ni. Ashe har a wurin jikata ɓarawo ne ni, ɓarawon ma marowaci. Ba komai.

Idon dama ya rufe ruf, dare da rana kawai yake bambancewa. Na hagu kamar mai kallo ta cikin hayaƙin ɗanyen itace. A watan jiya wani mutumin Kafinsoli ya dawo mini da wasiƙar da na rubuta masa zuwa ga ɗansa soja. Ɗan ne ya mayo ta, wai layi ya hau layi, bai gane ko haihuwa aka yi a gida ko mutuwa ba. Mutumin ya karɓe taron da ya biya ni ladan rubutu a gaban jama'a. Tun daga ranar masu wasiƙa suka koma wurin Babba, malamin awon gyaɗa a Kankiya, wanda rubutunsa kamar sawun kaji. Maraƙin da nake ta tarin kuɗinsa ban ko saya ba, balle ya girma ya kai ni Kano.

Yanzu ga labari. Wani mai cire yanar ido ya sauka a kasuwar Kankiya, daga wajen Maraɗi. A gindin tsamiya yake zama da 'yar jakar fata. Sai ya zaunar da mutum, a riƙe masa kai, shi kuma ya sa wani siririn ƙarfe ta gefen ido ya tura yanar. Nan take mutum ya ce ga haske. An ce uwar Gajere mai jakai, wadda aka daɗe ana ja da sanda, da ƙafarta ta koma Fakuwa ba jagora. Sule biyar da zakara yake karɓa. Ina da sule biyar, ina da zakara.

To malamar asibiti, mai ɗamara, mai agogo, me ilminki ya ce? In kai masa idon mijinki, ko in jira ki zama likita ki zo ki buɗe mini shi a kabari? Ki amsa da wuri. An ce ba ya daɗewa a gari ɗaya.

Ummaru

*

Makarantar Jinya, 5 ga Fabrairu, 1956

Angona,

A tsaye nake rubuta wannan. Ina lafiya, ina gaishe ka. Sanƙarau ya ɓarke, an kafa rumfuna a bayan gari, gobe da safe za a kwashe 'yan aji biyu a kai mu can. An ce ba shiga ba fita, ba takarda, sai abin ya lafa. Ka sa mu a addu'a.

Mai cire yana kuma! Kai? Kai da ka kori mai maganin basir daga zaurenka da tsintsiya, ka bi shi har bakin hanya kana zuba masa Turanci? Wannan tatsuniyar ta fi ta bijimi. Je ka mana, ka kai masa duka biyun. In ya gama ya jera maka haƙora, ya miƙar maka da gemu, in dawo in tarar da saurayi. Zakaran dai ka bar mini, ni zan ci.

Ba mu kai darasin ido ba tukuna, sai gaba. In mun yi zan zo in haska naka da kaina in kama ƙaryarka.

Ana kira.

Kubura

*

Kusada, 20 ga Fabrairu, 1956

Amarya,

Allah ya tsare ku da wannan ciwo. Na taɓa ganin shekararsa ina yawon haraji, na shiga gidajen da ban samu wanda zan rubuta sunansa ba. Ki riƙa rufe hanci, ki wanke hannu. Ni lafiya, har ma fiye da lafiya.

Kin ce in je, na je. Zakaranki kuwa ya tafi, ki yi haƙuri.

Idi ne ya riƙe mini kai, hannunsa sai rawa yake, har mutumin ya ce masa, "Tela, in haka kake ɗinki na tausaya wa masu riguna." Zafin ba zan ɓoye miki ba, kamar an soka garwashi. Sai na ji wani abu ya zame a ciki. Ya ce, "Malam, buɗe." Kubura, na ga rawaninsa, baƙi ne mai tsufa. Na ga tsamiyar a bisanmu. Na waiga na ga Idi, ashe gemunsa ya yi fari ban sani ba. Mutane suka yi ta kabbara, wata mai fura ta yi guɗa. Washegari na komo gida a kan jaki ina ta rufe na hagu da hannu ina kallon gonaki da na dama, kamar wanda bai taɓa ganin kara ba.

Karatu dai bai dawo ba tukuna. Manyan abubuwa nake gani, baƙaƙe kuwa iyo suke yi. Mai cire yanar ya ce ɗan'uwan idon ne ke janye shi, in an yi na hagu za su daidaita. Ya shafa mini wani ganye, ya hana ni sunkuyo da cin barkono. Idon ya ɗan yi ja, yana hawaye, ya ce haka yake yi.

Kasuwa mai zuwa zan kai masa na hagu. Ba ni da wani zakaran, saboda haka na yi ciniki da Babba, zai sayi gilashin ƙara girman nan. Wannan ce takarda ta ƙarshe da zan rubuta da shi, me zan yi da shi kuma?

Abin da aka ce sai bijimi, ga shi zakara ya yi. Shekara talatin ina raina mutanen nan saboda ilmin da bai tsinana mini komai ba. In kin dawo za ki tarar da saurayin da kika yi oda.

Ummaru

*

Makarantar Jinya, 8 ga Afrilu, 1956

Kaka Malam,

Ina gaishe ka. Ina lafiya, ciwon bai kama ni ba. Jiya aka sallame mu daga rumfuna, na tarar da takardarka a wurin Sista, tun watan Fabrairu take jirana.

Babu wasa a takardar nan, ko layi ɗaya. Ka karanta ta yadda na rubuta.

Kada ka bari mai cire yanar nan ya taɓa na hagu. In har bai taɓa ba, don Allah don Annabi kada ka bari. Na ruga da takardarka wurin likitanmu na fassara masa. Ya ce yanar ba fita take yi ba, cikin idon take faɗawa, ƙarfen kuma ba dafa shi ake yi ba, daga wannan ido sai wancan. Ya ce hasken farko gaskiya ne, amma da yawa bayan 'yan kwanaki idon sai ya yi ja, ya kumbura, ya mutu, kuma wanda ya mutu ta haka ko Kano ba ta iya tayar da shi. Jan nan da hawayen da ka ce, su ne abin tsoro. Ka sa Kawu Idi ya kai ka ɗakin magani na Kankiya yau, ba gobe ba.

Da na ga ka ce Kawu Idi ya riƙe maka kai, na san ba tatsuniya kake yi ba. In wannan gaskiya ne, to bijimin ma gaskiya ne. Babu tukunya. Ka yi ta gaya mini ina dariya, har ina karanta wa mutane suna taya ni. Idonka nake ci wata shida ban sani ba, idonka ne a maƙale a ƙirjina. Sannan ka tambaye ni, na ce je ka. Da hannuna na rubuta.

Na yanke shawara. Jarrabawar aji biyu watan gobe ce, amma in idon ya taɓu zan ajiye in dawo in riƙe ka. Zan sayar da agogon in yi kuɗin mota. Na san wadda ta bari a tsakiya ba a karɓarta kuma, na yarda. Ka aiko mini ko da kalma ɗaya ce. Ko da saura? Ko kaɗan ne?

Jikarka,
Kubura

*

Kankiya, 22 ga Afrilu, 1956

Kubura,

Wannan ba hannuna ba ne. Babba malamin awo ne ke rubutawa ina faɗa masa, in kin ga sawun kaji kin san inda suka fito. Ina gidan uwarki, ta gyara mini zaure. Ciwon kan ya sauka, ina cin abinci. Lami tana gaishe ki, Idi ma haka. Na yi murna da sanƙarau ya bar ki.

Takardarki ta iso, Babba ya karanta mini, na sa ya maimaita. Ba laifin gidan waya ba ne. Ko ranar da kika rubuta ta ta iso, da ta tarar an gama. Na kai wa mai cire yanar na hagu a kasuwar da ta biyo baya. Kafin wata kasuwar ta zagayo na dama ya kumbura, kaina kamar ana sara da gatari. Na hagu ya bi sahu. Da Idi ya je neman mutumin, ɓawon gyaɗa kawai ya tarar a gindin tsamiya, an ce ya yi gabas. Uwar Gajere ma ashe ta koma sandarta tun tuni, wannan kuwa babu wanda ya kawo labarinsa kasuwa. Malamin ɗakin magani ya wanke, ya ɗiga magani, ya ba ni ƙwayoyi, zafin ya tafi. Na ce masa, "To Kano fa?" Sai na ji yana ta gyara kwalabe. Na ce ya isa, na yi aikin gwamnati, na san abin da shirun ma'aikaci yake nufi.

Kin ce ke kika ce in je. Ki saurara da kyau. Na san wasa kike yi. Ni na koya miki shi tun kina tatata, da dawakan da ban taɓa mallaka ba. Da bakin wasa na tambaye ki, don bakina bai iya buɗewa ya ce wa jikar Buba tsoro nake ji. Na juya takardarki ta Fabrairu gaba da baya ban ga inda aka ce kada ba, ni kuwa abin da nake nema ke nan. An rufe wannan magana.

Batun dawowa ban yarda ba. In kin zo me za ki riƙe? Sanda tana riƙe da ni, Lami tana ba ni tuwo, Idi yana kai ni masallaci. In kika taka Kankiya kafin ki gama, ba zan amsa sallamarki ba. Kin san ni. Na riƙe magana shekara talatin, ba zai yi mini wuya in riƙe wata ba. An taɓa mayar da mutum ɗaya gida daga bakin ƙofar nan, ya isa. Agogon kuma ki bar shi inda yake, jan sa ne guda a jikinsa. Ki zauna ki yi jarrabawarki. In kun kai darasin ido ki buɗe kunne da kyau, akwai tsamiya a kowace kasuwa.

Babba ya ce in ƙara wata magana mai sanyaya zuciya. Na ce ya rubuta abin da aka faɗa masa. Ya mayo mini da gilashina, ya ƙi karɓar kuɗinsa. Yana cikin aljihuna, nakan shafa shi.

Buba ya hana ni saniya, ni na ba jikarsa bijimi. Na ɗauka in na yi haka zan huce. Ban ji na huce ba.

Kin tambaya ko da saura. Babu. Na dama ya tafi, na hagu ya tafi. Ko rana ba na gani.

Ummaru